Tambayoyi da amsoshi kan neman kayan gyaran tsohon ƙaramin jirgin sama

Masu tambaya a kan wannan harka iri-iri ne, akwai ɗaliban injiniyancin jirgi, akwai wanda ya hango wani tsohon Cessna a yashe a gefen hanga, wato rumfar ajiye jirgi, tayoyi sun sace ƙura ta lulluɓe shi sai ransa ya biya, akwai kuma wanda ya riga ya saya ya kwance shi ɗai-ɗai yanzu aiki ya tsaya cak saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba. Yawancin jiragen nan ƙirar Amurka ne shi ya sa za ku ji sunan Amurka da dokokinta da yawa a ƙasa, amma a riƙe wannan tun daga farko, jirgin da ke ɗauke da rajistar Najeriya mai farawa da 5N hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, wato NCAA, ce ke da magana ta ƙarshe a kansa, mai 5U kuma takwararta ANAC ta Nijar.

Wai me ya sa kayan suke wahalar samu haka, ba kamfanonin suna nan ba?

Wasu suna nan, wasu sun mutu, wasu kuma suna nan amma sun juya wa tsohon samfurin baya. Cessna tana nan a Wichita ƙarƙashin Textron, Piper tana Vero Beach a Florida, Lycoming da Continental duk suna ƙera inji har gobe. Sai dai ka tuna Cessna ta dakatar da ƙera ƙananan jiragenta masu fistin a 1986 saboda yawan ƙararrakin kotu da tsadar inshora, sai da Amurka ta yi dokar nan ta 1994 wadda ta taƙaita shekarun da za a iya kai mai ƙera jirgi ƙara zuwa 18 sannan Cessna ta dawo da samfurin 172 da 182, amma 150 da 152 ba a sake dawowa da su ba. Piper Comanche kuma ambaliyar 1972 ce ta cinye masana'antar Lock Haven har da kayan aikin ƙera shi, kamfanin bai sake farfaɗo da shi ba, toh kaga duk mai Comanche yau da abin da ya rage a duniya yake rayuwa. Rediyon Narco da ke cikin dubban tsofaffin jirage kamfanin ya rufe a 2011. Kuma ko kamfani yana raye, idan abu sau biyu ake nemansa a shekara ba za su ajiye shi a sito ba, sai ka yi oda su ƙera maka guda ɗaya, farashin da za su faɗa maka da watannin da za ka jira su ne suke sa mutane komawa kasuwar gwanjo.

Wane jirgi ne kayansa suka fi sauƙi?

Cessna 172 ba tare da wata gardama ba, an ƙera sama da 44,000 tun 1956. Sai 150 da 152, sai dangin Piper Cherokee. Abin mamaki Piper Cub na shekarun 1940 ma yana cikin masu sauƙi domin kusan komai nasa ana ƙera sabo har yanzu. Wanda zai ba ka wahala shi ne jirgin da aka yi ɗari biyu ko uku kacal kamfanin ya ruguje, irin wannan komai arahar da aka yi maka ka yi tunani sau biyu, kuma ka binciki kayansa KAFIN ka biya kuɗin jirgin ba bayan ya shigo hanga ba.

Daga ina zan fara?

Daga farantin bayanan da ke manne a jikin jirgin, ka kwafi samfuri da siriyal lamba daidai, harafi ɗaya kada ya kuɓuce. Sannan ka nemi kundin kayan jirgin mai zane-zane, wanda kowane noti da washa yake da lambarsa, ka nemi na shekarar jirginka. Dan Allah kada ka je kasuwa da cewa "ina neman kaza na 172", 172 ɗin ba guda ɗaya ba ne, na farko-farko har zuwa 1967 injin Continental O-300 mai silinda shida ne a ciki, daga 1968 aka koma Lycoming O-320 mai silinda huɗu, a 1978 kuma aka sauya lantarkin daga bolt 14 zuwa 28, wato altaneta da kik da kwan fitila da motar lantarki mai sauke filaf na bayan fiffike duk sun bambanta duk da a ido kusan iri ɗaya ne. A cikin kundin gefen kowace lamba akwai alamar da ke nuna daga siriyal kaza zuwa kaza ne wannan kayan yake shiga, mutane da yawa nan suke tsallakewa.

Wani abu kuma, lambobi suna canzawa. Lambar da ke cikin kundin 1969 wataƙila an maye gurbinta sau uku, sai ka yi ta bincike da tsohuwar lamba kana cewa babu a duniya alhali yana nan jibge da sabuwar lamba, ko kuma akasin haka, wani tsoho yana da shi a kwali da tsohuwar lambar kai kana neman sabuwa. Ka rubuta duka lambobin a jere ka nema da kowacce. Kuma abubuwa irin su taya da birki, kafireta, maganeto mai ba filogi wuta, farfela, ba Cessna ko Piper ne suka ƙera su ba, na Cleveland ne da Marvel-Schebler da Slick ko Bendix da McCauley ko Sensenich, idan ka nema da lambar ainihin mai ƙerawa sau da yawa ya fi sauƙi kuma ya fi araha.

Masu jirgi a Nijar da Chadi da Kamaru su duba da kyau, Cessna da yawa a ƙasashen da Faransa ta raina ƙirar Reims ne na Faransa, za ka ga F a gaban samfurin kamar F172 ko F150, siriyal ɗinsu daban yake tafiya.

Ina ake samun kayan?

Hanya ta farko dilolin kamfanin da ya ƙera jirgin, ko da ba za ka saya a can ba ka tambayi farashi don ka san inda kake tsaye. Ta biyu kamfanonin da FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, ta ba izinin ƙera madadin kaya, izinin da ake kira PMA, wannan kaya ne halastacce kuma wani lokaci ya fi na asali inganci domin an gyara aibin da aka gano, McFarlane a Kansas suna yin layin kujera da wayoyin sarrafa jirgi, Univair a Colorado su ne gatan masu Cub da Stinson da Ercoupe, Superior suna yin silinda. Aircraft Spruce kuma babban kanti ne na ƙananan kaya, noti, tiyo, filogi, yadin rufe jikin jirgi, fenti.

Ta uku masu yanka jirage. Waɗannan suna sayen jirgin da ya yi hatsari ko guguwa ta kifar daga hannun kamfanonin inshora su kwance shi su sayar ɗai-ɗai, Wentworth a Minneapolis, BAS a Colorado, Texas Air Salvage, akwai kuma Preferred Airparts a Ohio da suka shahara da sabon kaya tsohon ajiya, wato wanda aka ƙera shekaru talatin da suka wuce ba a taɓa ɗaura shi ba. Ƙofa, murfin inji, ƙafar taya, haƙarƙarin fiffike, irin waɗannan wurin masu yanka ake samu. Sai shafukan talla irin Barnstormers da Trade-A-Plane da eBay, a nan akwai alheri akwai kuma ɓarayi, za mu zo kansu.

Amma ni a ganina hanyar da ta fi duk waɗannan amfani ita ce ƙungiyar masu irin jirginka. Akwai ta masu Cessna 150 da 152, akwai ta masu Comanche, ta masu Bonanza, ta masu gajeren fiffike na Piper, kuɗin shiga ba wani mai yawa ba ne, kuma a ciki akwai dattijan da suka shekara arba'in suna kwance jirgi iri ɗaya, su ne za su ce maka ai wannan abin da kake nema iri ɗaya ne da na samfurin kaza, ko su ce wane yana da guda biyu a garejinsa. Ilimin da ke kansu ba ya cikin kowane kundi. Ka shiga da ladabi, ka sa hoto mai kyau da lamba da siriyal, in an taimake ka ka dawo ka faɗi yadda aka ƙare.

A Afirka fa, babu inda za a duba?

Akwai. Afirka ta Kudu tana da ƙananan jirage masu yawa da shagunan gyara a filayen Wonderboom da Rand da Lanseria, filin Wilson na Nairobi ma cike yake da Cessna. A gida kuma ka yi zumunci da injiniyoyin makarantun koyon tuƙi, kwalejin Zariya da aka kafa tun 1964 ta daɗe tana amfani da jiragen TB-9 da TB-20 na kamfanin Socata na Faransa da kuma Baron 58, mutanen da suka yi aiki a kansu sun san inda kaya yake maƙale da wanda za a kira. Jiragen Socata ɗin yanzu kamfanin Daher na Tarbes ne ke kula da kayansu, kuma jiragen Faransa da yawa awon milimita ne a notinsu ba inci ba, kada ka haɗa musu da na Amurka.

Na ga tsohon jirgi irin nawa a yashe a wani fili, in ciro abin da nake so?

Ba tare da izini a rubuce ba ko kusa, jirgin da ka ga kamar ba mai shi yana da mai shi, ko banki, ko magada, ko hukuma tana bin sa bashin ajiya. In an sayar maka da shi gaba ɗaya da littattafan tarihinsa toh ka yi sa'a, sayen jirgi na biyu don a riƙa cirar kaya dabara ce mai kyau musamman a nan da kuɗin jigila ya fi kuɗin kaya. In babu littattafan, ƙofa da kujera da murfi za su iya amfani bayan injiniya ya duba, amma inji da farfela da duk abin da ake ƙirga masa awanni darajarsu ta faɗi warwas.

Mece ce wannan takarda 8130-3 da kowa ke magana a kai?

Takardar shaida ce ta FAA da mai izini yake sa wa hannu, tana faɗin sunan kayan, lambarsa, siriyal in yana da shi, da halin da yake ciki, sabo ne ko an yi masa garambawul ko gyara aka yi ko dubawa kawai. Ta Turai ita ce EASA Form 1. Ka fahimci abin da take faɗa da wanda ba ta faɗa ba, tana cewa a ranar da aka sa hannu kayan yana cikin hali kaza, ba ta ce ya dace da jirginka ba, ba ta kuma san cewa ya shekara goma a ɗaki mai yoyo bayan nan ba. Wanda zai yanke hukuncin ƙarshe shi ne injiniya mai lasisi da zai ɗaura ya sa hannu a littafin jirgi, lasisinsa da sunansa ne a kai, saboda haka kada ka sayi komai mai tsada sai ka tura masa hoton kayan da hoton takardar ya ce eh zan iya sa hannu a kan wannan. Wallahi kaya nawa ne suke kwance a hanga an biya dala an biya kwastan injiniya ya ce shi ba zai ɗaura ba, kuma gaskiyarsa ne.

Akwai kuma ɗan katin nan ruwan ɗorawa da ake ɗaurawa a jikin kaya, shi kaɗai ba hujja ba ne, kowa zai iya sayen katin ya rubuta, abin dubawa shi ne wane shago ne ya sa hannu, mece ce lambar izininsa, kuma ina takardar aikin da ke nuna abin da aka yi. Masu yanka jirgi yawanci suna sayarwa ne a matsayin "yadda aka ciro shi", ba su ce yana aiki ba, amma na kirki za su ba ka rajistar jirgin da aka ciro shi da dalilin yanka jirgin, ka tambaya, in gobara ce ko nutsewa a ruwan gishiri ka haƙura.

Da gaske akwai jabun kayan jirgi?

Akwai, kuma ya kashe mutane. A Satumban 1989 jirgin Partnair ƙirar Convair 580 da ya taso daga Oslo zuwa Hamburg ya tarwatse a sama kusa da gaɓar Denmark, mutum 55 suka rasu, bincike ya gano uku daga cikin kusoshi huɗu da ke riƙe da jelar jirgin jabu ne, ƙarfinsu bai kai yadda ake buƙata ba. A 2023 ma an bankaɗo wani dillali a Landan, AOG Technics, da ya sayar da kayan injin CFM56 da takardun bogi har manyan kamfanoni suka riƙa sauke jirage suna cirewa. In an iya yaudarar masu sashen bincike guda, kai mai jirgi ɗaya sai ka ninka hattara. Ka duba lambar shagon da ya sa hannu a shafin FAA, ka kira su ko ka tura musu imel da lambar takardar su tabbatar daga wurinsu ta fito, FAA kuma tana wallafa sanarwa kan kayan da aka gano ba halastattu ba ne. Farashin da ya yi ƙasa sosai da na kowa alama ce, araha ba ta ado.

Noti ai noti ne, me zai hana in saya a Ƙofar Ruwa ko Panteka?

A'a. Notin jirgi da kusoshinsa suna bin ma'aunan ingancin Amurka da ake kira AN da MS da NAS, an san irin ƙarfen, an san ƙarfinsa, an san tsawon wurin da ba shi da zare, AN3 kaurinsa 3/16 na inci ne, AN4 kuma rubu'in inci, a kansa akwai alama. Na kasuwa ba wanda ya san da me aka yi shi, wani ya yi laushi ya miƙe, wani ya yi tauri ya karye farat ɗaya ba gargaɗi. Kuma abin haushin shi ne waɗannan su ne mafi araha a duk kayan jirgi, ka yi odar su da yawa lokaci guda daga dila mai ba da takardar shaida ka huta. Haka man birki, na ƙananan jirage jan nan ne MIL-H-5606, in ka zuba na mota zai cinye robobin birkin gaba ɗaya. Altaneta ma wani za ka ga kamar na tsohuwar motar Amurka sak, kada ka ɗaura.

In an nema ko'ina babu, za a iya ƙerawa?

A dokar Amurka akwai wannan ƙofa, sashe na 21.9 ya yarda mai jirgi ya samar da kaya don jirginsa shi kaɗai, ba don sayarwa ba, da sharaɗin yana da hannu a aikin, ko ya ba da zane ko kayan aiki ko ya sa ido kan inganci, kuma abin da aka ƙera ya yi daidai da ƙirar asali, irin ƙarfe ɗaya, kauri ɗaya, gashi ɗaya. Nan ne wahalar take, domin kallon tsohon ƙarfe ba zai gaya maka ko alminiyon 2024-T3 ne ko wani ba, sai da zanen kamfani ko gwajin ɗakin bincike. FAA tana da takardar jagora AC 23-27 kan musanya kaya a jiragen da aka amince da ƙirarsu kafin 1980, da kuma AC 43.13-1B wanda duk mai gyaran tsohon jirgi ya kamata ya mallaka, a ciki akwai yadda ake faci da ribit da waldar bututun ƙarfe 4130 da ɗinkin yadi.

Amma fa wannan dokar Amurka ce ta jirgi mai rajistar N. In naka 5N ne ko 5U ka rubuta wa hukumarka ta hannun shagon gyara mai izini ka sami amsa a rubuce kafin a taɓa ƙarfe. Muna da maƙera da masu walda masu hannu sosai, ban raina su ba ko kaɗan, ɗan maƙalin murfi ko faifan rufe rami za su yi shi tsaf in an ba su ƙarfen da ya dace da zane, amma abin da ke riƙe fiffike ko jela ko inji ba wurin gwaji ba ne.

Waɗanne kaya ne bai kamata in sayi na hannu ba?

Duk abin roba, tiyon mai, robar ɗaurin inji, sil, taya, ko da sabo ne tsohon ajiya ka duba ranar da aka ƙera shi domin roba tana tsufa a cikin kwali, zafinmu kuma yana gaggauta mata. Wayoyin sarrafa jirgi sababbi suna nan. Bel ɗin kujera. Sai layin kujerar Cessna, wannan ina so a tsaya a kansa. Ka durƙusa da tocila ka kalli ramukan da fil ɗin kujera ke faɗawa, a sabon layi ramin zagaye yake tsaf, a tsoho za ka ga ya zama kamar ƙwai gefensa ya lashe, wani har da ɗan tsagu tsakanin rami da rami, irin wannan ne fil yake zamewa lokacin tashi kujera ta ja baya da matuƙi yana riƙe da sitiyari, hancin jirgi ya ɗaga sama, an yi asarar rayuka ta haka. Akwai umarnin dole na FAA a kai, AD 2011-10-09, ana dubawa duk awa 100 ko duk shekara. Sabon layi na PMA yana nan a kasuwa, ba dalilin sayen wanda wani ya cire.

Masu Piper Cherokee da Arrow kuma kafin ku sayi fiffike na hannu ku karanta AD 2020-26-16, wanda ya biyo bayan ɓallewar fiffiken wani Arrow na koyon tuƙi a Daytona Beach a 2018, fiffiken da ba a san awanninsa da irin aikin da ya yi ba matsala ce kake saya. Masu Cub da danginsa su ma sandunan da ke tallafe fiffike suna tsatsa daga ciki inda ido ba ya gani, akwai sababbi rufaffu da ruwa ba ya shiga.

Inji fa? An ce min awanninsa kaɗan ne.

Awa kaɗan a injin da ya shekara takwas bai tashi ba ba abin murna ba ne. Lycoming ta sa wa O-320 awa 2,000 ko shekara 12 kafin garambawul, duk wanda ya riga zuwa, kuma a injin Lycoming kamshaf a sama yake, in aka daɗe ba a tashi ba mai ya tsiyaye ya bar shi tsirara tsatsa ta kama, bayan awanni kaɗan sai ka fara ganin garin ƙarfe a filtar mai. Jirgin da ya zauna a Kano ko Agadas ya fi na Legas ko Fatakwal sauƙin tsatsa, amma shi kuma ƙurar hunturu ta shiga ko'ina, ga zanzaro da ke gina laka a bututun awon gudu da hudar numfashin tanki. A tambaya ko farfela ta taɓa dukan ƙasa, in ta taɓa dole a buɗe a duba karanshaf. Karanshaf na tsofaffin Continental irin O-300 da C-85 yana wahalar samu, shi ya sa kada ka yar da naka da wuri, akwai shaguna a Tulsa ta Oklahoma da aikinsu kenan, su gwada shi da maganaɗisu su ga ko akwai tsagu, su rage shi zuwa awon da aka yarda, su dawo da shi da takarda. Na C-85 ma akwai izinin STC, wato amincewar FAA da wani sauyi a ƙirar asali, na sa karanshaf ɗin injin O-200.

In za ka sayi maganeto ko kafireta ko kik da aka yi wa garambawul, yawanci musaya ake yi, za su caje ka kuɗin ajiya sai ka tura musu tsohon naka su mayar maka, ka lissafa kuɗin tura shi daga nan da wa'adin da suka ba ka, wani lokaci kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu gara ka bar musu kuɗin ka riƙe tsohon.

Tsohon rediyo da agogunan gaban matuƙi, in gyara ko in canza?

Canza, in aljihu ya yarda. Masu gyaran tsofaffin rediyon ARC da Narco sun kusa ƙarewa. Akwai na zamani irin Garmin G5 da ake sawa da izinin STC su maye gurbin agogunan da ke aiki da famfon iska. Na'urar neman agaji, wadda ke aika sigina in jirgi ya yi hatsari, ita ma in tsohuwa ce mai aikawa a kan mita 121.5 MHz kaɗai, tauraron ɗan'adam ya daina sauraronta tun 2009, sai mai 406 MHz.

Yaya zan kauce wa 'yan damfara, kuma yaya kayan zai iso?

Da zarar ka sa tallar "ina neman kaza" za ka ga saƙonni, wani zai ce abokinsa yana da shi ga imel ɗinsa, hoton da zai turo daga intanet ya ɗauko. Ka ce ya rubuta sunanka da kwanan watan yau a takarda ya ajiye kusa da lambar da ke jikin kayan ya ɗauka, ko ku yi kiran bidiyo ya juya maka shi, mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Ka biya ta hanyar da za ka iya neman kuɗinka in an cuce ka. Ta ɗaya ɓangaren kuma sai ka yi haƙuri, wasu masu sayarwa da sun ji Najeriya sai su ɗauke wuta, abin da ciwo amma abin da ke aiki shi ne ka gabatar da kanka sosai, rajistar jirgi, hoton aikin, sunan shagon gyaranka, ko wani ɗan ƙungiya ya tsaya maka, da yawa kuma sun fi son su tura wa kamfanin jigila mai adireshi a Amurka shi ya ƙaraso da shi.

Wajen jigila girman akwati ake caja ba nauyi kaɗai ba, gilashin gaba ba shi da nauyi amma akwatinsa zai ba ka mamaki, saboda haka ka tara odarka ta zo tare. Fenti da ruwan shafa yadi da batir kaya ne masu haɗari a dokar jigilar sama, suna da nasu tsarin da kuɗinsu, kafiretar da ta taɓa shan mai ma ba a jefa ta a jakar matafiyi haka nan. Ka ce a sa kwafin takardar shaida a cikin kwalin a kuma turo maka hotonta tun kafin ya taso. Maganar kwastan ka nemi ejan da ya taɓa fitar da kayan jirgi, kuma kada ka ɗauka sassaucin harajin da aka yi wa kamfanonin jiragen haya ya shafe ka kai tsaye, ka tambaya tukuna.

Kaya ya iso, sai a ɗaura?

Tukuna. A buɗe kwalin a gaban injiniya, a ɗauki hoto, a gwada lambar da ke jikin ƙarfen da ta takarda da ta kundi, ukun su zama ɗaya, siriyal ma haka. A ajiye sabon kusa da tsohon a auna ramuka da kauri, a duba tsatsa da tsagu da alamar an taɓa yin walda ko an goge lamba. In akwai abin da bai yi ba a sanar da mai sayarwa a ranar, yawancinsu suna da wa'adin mayarwa kuma in ka ɗaura ko ka yi fenti shikenan ya zama naka. Wanda ba za a ɗaura yanzu ba a toshe bakinsa, a shafa masa man kariya in ƙarfe ne, a sa a leda da takardarsa a ciki, a ɗora a kanta nesa da rana da ƙasa, kayan da bai da takarda kuma a ware masa wuri daban da alama don kada wani ya ɗauka bisa kuskure. Bayan an ɗaura, injiniya ya rubuta a littafin jirgi lambar da aka cire da wadda aka sa da lambar takardar shaidar, asalin takardar kuma ta shiga fayil ɗin jirgin, ka ɗauki hotonta ka ajiye a waya da imel domin ranar da sufeton hukuma zai zo duba jirgin kafin a ba shi takardar cancantar tashi ɗaya bayan ɗaya zai bi su.